Malamin da na yi ta kira bai waiwayo ba

Shekarun baya, ina shekarar farko a jami'a a Sabha, saura ƙiris in ajiye karatu saboda wani malami da na yi ta kira bai waiwayo ba. Kwanan nan na ga ana ta gardama a kan ko ya dace ɗalibai su riƙa faɗin ra'ayinsu game da malamansu a inda kowa zai gani. Sai abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarin yadda ta kasance da ni.

Mu mutanen Damagaram ne. Mahaifina ya riga mu zuwa Libiya, yana aiki a wata gona a Samnu, wani ƙauye a wajen Sabha, yana ban ruwa, yana kula da dabino da albasa. Daga baya ya ɗauko mu, ni da mahaifiyata da ƙannena, ya kama mana ɗakuna a unguwar Mahdiya cikin Sabha, bayan wani shagon masu walda. Shi yana can gona, sai ranar Alhamis da yamma ya shigo motar haya ya zo, ya yi Juma'a da mu ya koma. A Sabha na ƙarasa sakandare, don haka Larabci ina ji, ina karantawa, ina rubutawa. Harshena ne dai ya ƙi sakin Hausa. Akwai haruffan da in na zo furta su sai su maƙale mini a maƙogwaro, su fito a wani abu daban. A kasuwa ba wanda ya damu da wannan. A aji kuwa, da na buɗe baki sai in ji kamar kowa ya bar abin da yake yi ya zuba mini ido.

Da na samu gurbi a sashen aikin gona, mahaifina bai bar kowa a Samnu bai gaya masa ba. Wanda ya karanci noma a can muhandis ake ce masa, to tun kafin in taka ƙofar jami'a abokan aikinsa suka fara aiko mini da gaisuwa, wai a gaida Muhandis. Mahaifiyata kuma kullum sai ta goge mini riga, ko da na ce mata ta jiya ba ta yamutse ba.

A wani babban ɗaki mai kujeru hawa-hawa muke ɗaukar darasin ilimin ƙasar noma. Ni na zaɓi can baya, ta hannun hagun malami, dab da ƙofa. Dabarata ita ce in kunya ta kama ni, hanyar fita tana kusa. Malamin dattijo ne, dogo, gashinsa ya yi fari fat, kowa Duktur yake ce masa. Muryarsa kamar ta mai kiran salla, in yana magana har na waje yana ji. Yawanci yana fuskantar allo yana rubutu yana bayani. Kuma ya iya bayani, wannan ko a lokacin da nake jin haushinsa ban taɓa musu ba.

Ina da tambayar da ta dame ni. A gonar da mahaifina ke aiki, bayan an yi ban ruwa ƙasa ta bushe, sai wani fari-fari kamar kanwa ya fito a bakin kunyoyi, ganyen albasa ya riƙa yin rawaya daga sama. Mahaifina ya sha ambaton abin in ya zo gida, mai gonar kuma ya fara kallonsa kamar shi ne bai iya aiki ba. Na ce to ga ranar da karatuna zai yi amfani. Na tsara tambayar da Larabci mai kyau, na yi ta maimaita ta a tsakar gida. Mahaifiyata tana tuƙa tuwo, ba ta fahimci ko rabi ba, amma ta ce, "Ya yi daɗi, kamar a rediyo." Ƙanwata kuwa tana bayan ƙyaure tana kwaikwayona.

Ranar darasi na jira ya kai aya, na ce, "Ya Duktur."

Bai juyo ba. Na ɗan ƙara murya, na sake kira. Ya ci gaba da rubutunsa. Wasu na kusa da ni suka waiwayo, wani ya yi 'yar dariya. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Wani makon na sake gwadawa. Wannan karon har hannu na ɗaga, in dai za a kira wannan ɗaga hannu, don bai wuce kafaɗata ba, kamar mai korar ƙuda. Shiru. Na ce wataƙila a aji ne ba ya son a katse shi. Sai na tare shi a baranda bayan an tashi. Na bi shi ta gefen hagunsa, na yi sallama, na fara magana. Mutumin nan ko kallona bai yi ba. Ya buɗe ofis ya shiga ya mayar da ƙofa, ni ina tsaye da rabin magana a baki. Kafin in bar wurin ya sake fitowa, wani ɗalibi ɗan gari ya sha gabansa ya gaishe shi, sai ga Duktur ya tsaya, ya dafa kafaɗarsa, har da dariya.

Wanda ya taɓa zaman baƙunta a ƙasar wasu ya san abin da zuciya ke faɗa a irin wannan lokaci. Ba sai an gaya maka dalili ba, kai da kanka za ka kawo shi. Na ce launina ne, harshena ne, ɗan mai ban ruwa ne ni. Na hau motar Mahdiya ina kallon taga don kada fasinjoji su ga idona.

A gida na gaya wa mahaifiyata na gama da jami'a. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ci abinci tukuna. Bari Babanka ya zo."

Da ya zo ranar Alhamis na zayyana masa komai. Yana zaune a tabarma yana shafa tafin hannunsa da ya tsattsage saboda ruwa da ƙasa. Ya ce, "Wuri akwai a gona, ba zan hana ka ba. Amma ni da zuciya nake bi a kan abin da aka faɗa mini a ƙasar nan, da tuni muna Damagaram." Ya ƙara da cewa, "Mutanen can za su tambaye ni Muhandis. Zan ce musu yana hutawa." Wannan maganar ta fi duka zafi. Duk da haka ban koma ba. Na zauna a gida ina taya mai walda riƙon ƙarfe.

Abokina ne ya biyo sawuna. Ɗan Sabha ne, ajinmu ɗaya, amma mahaifiyarsa 'yar Agadas ce, don haka yana da Hausarsa irin ta kasuwa, wadda ba ta san namiji ba ta san mace ba. Ya yi sallama, ya durƙusa ya ce wa mahaifiyata, "Inna, ina wuni, ina gajiya, ina yaro naka mai gudu?" Ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta kawo masa kunu.

Da na ba shi labari bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya zaro wayarsa ya ce, "Kai zo, kai gani."

Ashe ɗaliban sashenmu suna da wani shafi a intanet da suka gada daga na gaba da su. Kowane malami da wurinsa. Ɗalibi zai shiga ba tare da sunansa ya fito ba, ya ba malami taurari a kan iya bayani, da adalci wurin gyaran jarrabawa, da sauraron ɗalibai, sannan ya rubuta abin da ya gani. Ni ban taɓa jin labarinsa ba. Wa zai gaya mini? A gidanmu kaf ni ne na fara shiga jami'a.

Ya buɗo wurin Duktur. Wajen iya bayani taurarinsa sun cika. Wajen adalci ma haka. Wajen sauraro kuwa ya faɗi warwas. Na fara karanta abin da aka rubuta, da Larabcin 'yan gari tsantsa. Wani ya ce ya kira shi har maƙogwaronsa ya bushe. Wani ya ce unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, ya san mahaifinsa, amma ya wuce shi a baranda kamar bango. Wata ta ce ranar da ta yi masa tambaya ya ƙyale ta, sai da ta je bayan gini ta yi kuka. Can ƙasa, a cikin tsofaffin rubuce-rubuce, wani ya bar gajeriyar shawara: ka zauna a gaba ta hannun damansa, ka bari ya ga fuskarka kafin ka yi magana, za ka ga malamin da babu irinsa. Bai faɗi dalili ba.

Na karanta na sake karantawa. Sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ashe 'ya'yan gari, masu Larabci tun daga nono, su ma sun sha abin da na sha. Abin dariya, har na ɗan ji haushi, don na riga na saba da zama wanda aka ware aka zalunta.

Abokina ya karanci fuskata. Ya ce, "Kai gani? Kai ba na musamman ba. Shi wulaƙanta kowa daidai."

Mahaifiyata tana jin mu daga ɗaki. Can sai na ji ƙarar dutsen guga, tana goge mini riga.

Ranar darasi na yi sammako na kama kujerar gaba ta hannun dama. A al'ada layin nan na 'yan mata ne, sai ga ni zaune tsakiyarsu kamar bunsuru a garken tumaki. Na daure. Da Duktur ya juyo daga allo na miƙa hannu sama har sai da kafaɗata ta amsa. Ya gan ni. Ya nuna ni da alƙalamin allo.

Na fara tambayar da na haddace, harshe ya harɗe, kalmomi suka hau juna. Sai ya sauko daga dandamali ya matso dab da ni, ya karkata kai ya miƙo kunnen dama, idonsa a kan bakina. Ya ce, "Maimaita, ya waladi, a hankali." Wato ɗana. Na maimaita.

Ya ajiye alƙalamin. Ya tambaye ni ina gonar take, ruwan rijiya ne ko na ina, sau nawa ake ban ruwa, me ake zubawa na taki. Daga nan ya share allo kaf, darasin ranar ya koma kan gonar Samnu. Ya ce gishiri ne da ke cikin ruwan, in ana ba da ruwa kaɗan-kaɗan rana ta shanye, sai gishirin ya taru a sama inda saiwa take. Ya zana yadda za a riƙa shayar da ƙasa sosai lokaci-lokaci don ruwa ya tafi da gishirin ƙasa, da yadda za a buɗe masa hanyar fita, da amfanin takin dabbobi. Ni kuwa ina ta rubutawa.

Da zai koma dandamali ya ce, "Daga ina kake?"

Na ce Damagaram, Zandar.

Fuskarsa ta washe. Ya ce kakansa da ayarin raƙuma yake zuwa can, kuma ya bar musu kalmomi a gida. Ya gyara murya, ya ce mini da Hausa, "Sannu da aiki." Yadda ya murɗe ta, da ƙyar na gane. Ajin ya fashe da dariya, shi ma yana yi. Ranar ce farko da aka yi dariyar harshe a ɗakin nan ba nawa ba.

Na kai wa mahaifina bayanin. Ya sa na maimaita masa sau da yawa, ya je ya shawo kan mai gonar suka gwada a wani ɓangare. Ba zan ce muku albasar ta zama abin kallo ba, amma ta fi ta bara, kuma mai gonar ya daina yi masa wannan kallon.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, yadda Duktur ya karkata kai yana kallon bakina. Haka kakana yake yi a ƙarshen rayuwarsa da kunnensa ya yi nauyi. Na yi ta juya abin, sannan na shiga shafin na yi rubutuna na farko. Na faɗi abin da ya same ni da yadda ya ƙare. Na ce ba na jin girman kai ne ke damun malamin nan, ina zaton kunnensa na hagu ne ba ya ji, don haka kakana yake yi. Nan da nan aka fara amsawa. Wasu suka ce wallahi yanzu suka gane. Wata ta ce shi ya sa yake ɗaga murya. Wasu kuma suka ce ina nema masa uzuri ne kawai.

Abokina ya riƙe kai. Ya ce, "Kai kira Duktur kurma a gaban duniya? In shi gane, ni ban san kai ba."

Ba a jima ba Duktur ya daina zuwa. Wani matashin malami ya karɓi darasin, aka ce dattijon ya yi tafiya Tarabulus, babban birnin ƙasar. Sai jita-jita ta tashi, wai ya ga abin da aka rubuta, ya fusata, zai sa a rufe shafin, a kuma binciko masu rubutu. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na ga kamar na saka wa mutumin da ya kira ni ɗansa da tonon asiri.

Wata safiya muka shiga aji muka tarar da shi tsaye, ya riga kowa. Bai taɓa allo ba. Ya jira kowa ya zauna, sannan ya fara magana, da wata murya ƙasa-ƙasa da ba mu san yana da ita ba.

Ya ce, "'Yata ta karanta mini abin da kuke rubutawa a kaina. Da ta fara na ce ta rufe, yaran zamani ne marasa kunya. Ta ce, Baba, ka saurara har ƙarshe, in kana ji." Aka yi 'yar dariya ta tsoro. Ya ci gaba, "A gida an daɗe ana gaya mini kunnena ya yi nauyi, ina cewa su ne ke magana ciki-ciki. Mutum yana iya ƙaryata matarsa. Amma ɗalibai masu yawa haka, na bana da na shekarun baya, waɗanda ba su san juna ba, duk su faɗi abu ɗaya?" Ya juya gefe ya nuna mana wata 'yar na'ura a bayan kunnensa.

Ya bi mu da kallo layi-layi. Sannan ya ce, "Kullum in na koma gida sai in ce ɗaliban yanzu ba sa tambaya. In gama darasi in juyo, in ga fuskoki a ɗaure, in ce ba wanda ya damu da ƙasa kuma. Har na yanke shawarar ajiye aiki a ƙarshen shekarar nan. Ashe kuna kira." Ya ce, "Duk wanda ya kira ni ban amsa ba, ya yafe mini."

Can daga baya, ta hannun hagu, wata ɗaliba ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Mun yafe, ya Duktur."

Sai ya juya, daidai inda take, ya ɗora hannu a ƙirji.

Ban san wanda ya fara tafi ba. Na dai san abokina, mai bakin tsiya, yana gefena yana goge ido da hannun riga yana cewa wani abu ne ya faɗa masa.

Da na ba mahaifiyata labari ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, shi ma ashe yana can yana cin zuciyarsa." Ta daka yaji mai ƙuli-ƙuli ta cika kwalba ta ce in kai masa. Na ji nauyi, amma na kai. Bayan kwana biyu ya tare ni a baranda ya ce in gaya wa Hajiya yajinta ya fi na'urar likita buɗe kunne.

Bai ajiye aikin ba sai bayan mun gama. Shi ya duba aikina na shekarar ƙarshe, a kan gishirin gonakin Samnu. Ban taɓa gaya masa ni na yi rubutun nan ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai ranar da na je yi masa sallama, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Allah ya jiƙan kakanka." Ashe ko a rubuce Larabcina yana da ƙamshin Hausa.

Ba zan ce muku duk abin da ake rubutawa a irin shafukan nan gaskiya ba ne. Na ga wanda ya faɗi jarrabawa ya je ya huce a kan malami. Na ga wata malama da aka yi wa rashin adalci don kawai ba ta yarda da makara. Amma in ka karanta da yawa, ba ɗaya ko biyu ba, mai huce haushi daban yake fita, abin da kowa ya haɗu a kai shi ma daban. Ɗan gari yana da yaya ko ɗan kawu da zai ja shi gefe ya ce malam wane ga halinsa, ga inda za ka zauna. Irinmu da muka shiga ba mu da kowa a gaba, shafin nan shi ya zame mana yaya. Da ban karanta shi ba, da na tafi da tabon da ba wanda ya yi niyyar ji mini, kuma da har yau ina ba 'ya'yana labarin wani malami mai ƙin baƙi. Shi kuma da ya bar aikin da yake so yana zaton ba a son sa. Mu duka muna ɗaki ɗaya, kowa yana jin ciwo, ba wanda zai iya tarar wani ya faɗa masa ido da ido.

Bana autar ƙannena ta shiga jami'a. Ta kira ni tana tambaya ko ta yarda da abin da ɗalibai ke rubutawa a kan malamai. Na ce ta karanta, ta kuma je ta gani da idonta, in shekara ta ƙare ita ma ta rubuta nata don na bayanta. Ta ce to in malamin bai kyauta ba fa? Na ce ki faɗi gaskiya, kada ki rage komai. Amma ki rubuta ta yadda in 'yarsa ce za ta karanta masa, ba sai ta tsallake layi ba.